Ranar da Yaya Lawali ya tafi Alaba nemo mini ram

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya Lawali ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye ƙofar shago ina laluben makulli. Ɗansa Habu ne ya kira. Ya ce, "Kawu Nura, Baba ya cika." Na ce wane Baban? Wallahi abin da ya fito bakina ke nan, kamar Habu yana da wani uban daban.

Jiya da la'asar jininsa ya hau yana cikin aiki, aka kai shi asibiti, bai wayi gari ba.

An ce jana'iza sai bayan azahar a Agege. Tun da aka faɗa mini na kasa zama wuri ɗaya. Na shiga shago, na fito, na kunna inji, na kashe. An kawo mini shayi har ya huce. Ban san yadda zan yi da wannan lokacin da ke tsakani ba, shi ya sa na ɗauko waya. In rubutun ya zo a hargitse ku yi mini uzuri.

Duk wanda ya taso Agege ya san Lawali Mai Rediyo. Gajere, baƙi, mai saurin tafiya kamar an biyo shi, da sukudireba a aljihun gaba. Mutumin Maraɗi ne. Yana saurayi ya zo Legas, ya fara da gyaran agogo a bakin layin dogo, ya koma rediyo da kaset. Da bidiyo ta zo ya shiga bidiyo, da kwamfuta ta zo ya bi ta har kasuwarta a Ikeja. Amma sunan Mai Rediyo bai sake shi ba, haka ma harshen garinsu. Duk daɗewarsa a Legas "mi ya hwaru" yake cewa, kwamfuta kuwa "ordinatar" ce a bakinsa.

Ga surutu. Allah Ya jiƙansa, ko da abin da yake gyarawa hira yake yi.

Ba ɗan'uwana ba ne na jini. Haya ce ta haɗa mu, ɗakinsa yana kallon namu a gida ɗaya. Amma ku da kuke zuwa shagona a Abule Egba kuna yaba aiki, ina so yau ku san ta inda aka faro.

Ni a da mai fenti ne. Allon shago, jikin danfo (bas-bas ɗin haya na Legas), bangon makaranta, duk inda ake son rubutu ko zane, in ɗauki tsani da gwangwanaye in hau. Ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba, wata rana ina bayan okada a Iyana Ipaja da gwangwanin fenti a cinyata, danfo ta kwashe mu. Mai okadan ya tsira da ƙujewa. Ni na farka a asibiti babu ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa.

Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Aka dawo da ni ɗakin mahaifiyata, Inna. Babanmu ya riga ya rasu, mahauci ne a Oko-Oba, ni ne nake riƙe da ita. Sai ga shi ita take fitar mini da fo.

Ban san yadda zan kwatanta muku waɗannan watannin ba. Jiki a kwance, zuciya tana gudu. Ƙafar da babu ita tana yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa katifa. Jirgin ƙasa in ya wuce gidan ya girgiza, in ji kamar in tashi in bi shi ko ina za shi. Abokai suka zo, suka zo, suka rage zuwa. 'Yan'uwan Inna suka fara maganar a mayar da ni ƙauye can Arewa, garin da ban san kowa ba, ni da aka haifa a Agege. Wani ma ya ce ai irina in ya zauna bakin masallacin Juma'a ba zai rasa na abinci ba. A gabana ya faɗa.

Na daina magana da kowa. Na juya fuska bango.

Yaya Lawali ne kaɗai bai san an daina magana ba. Kullum in ya dawo daga aiki sai ya ɗage labule ya tsaya a kaina, yana ba ni labarin wanda ya kawo masa rediyo cike da kyankyasai, ko kwandastan da suka yi faɗa da shi. Ba ya zama. Ba ya ce mini sannu da irin muryar nan da kowa yake yi mini. In ya gama labarinsa ya fita.

Wata rana ya shigo da abu a cikin buhun shinkafa, ya ɗora mini a kan ciki.

"Bon. Tashi, mai fenti. Hannunka ba a yanke shi ba."

Laftof ce, tokumbo, wato ta hannu daga waje, ruwan toka, mai kauri kamar bulo. Wani kwastomansa ne ya bar masa ita don murfin ya karye, shi kuma ya ɗaure da waya da gam. Batirinta ya mutu, da an ɗauke wuta take ɗaukewa. Ya ce akwai manhajar zane a ciki, ya sa wani a Ikeja ya loda masa.

Na ce ban iya ba.

Ya ce, "Ni ma ban iya ba. Kai ka iya zane, ni na iya kunnawa. Sauran mu tambayi ordinatar."

Ta yi kwana da kwanaki a gefena ban taɓa ta ba. Abin da ya sa na taɓa ta, gajiya da kallon bango ce kawai.

Sai ga shi na rubuta harafi. Na ja shi ya yi tsawo, na lanƙwasa shi, na canza masa launi ba tare da na wanke buroshi ba. Ranar Inna ta kira ni cin abinci ban ji ba.

Cikin 'yan watanni na fara yin katin biki da na suna. Yaya Lawali ne ƙafata. Ya ɗauki aikin a fulofi, wannan ɗan faifan mai kusurwa huɗu, ya kai wurin masu bugawa, ya dawo mini da shi da ɗuminsa. Saboda matsalar wuta ya haɗa mini batirin mota da wani ɗan akwati da ya ƙera da kansa. Akwatin yana ƙugi kamar ƙudan zuma, amma yana aiki.

Sai babban aiki ya zo. Abokan Baba mahauta suka ce in yi musu kalandar sabuwar shekara, da hoton dattijo ɗaya daga cikinsu a kowane wata. Na san don Baba suka ba ni. Na kuma san in na ɓata ba za su yi faɗa ba, za su dai koma tausayina. Ni kuwa tausayin nan ne yake kashe ni.

Aka tattara hotuna, aka kai Ikeja aka shigar da su kwamfuta. A nan laftof ta nuna iyakarta.

In na buɗe hoto ɗaya sai ta tsaya cik. Cikinta ya riƙa ƙarar kurr-kurr, in zauna ina kallon allo har a kira salla. In na sa na biyu sai komai ya daskare, dole in kashe, aikin wuni guda ya tafi. Ga shi ta fara rubuto mini cewa wuri ya cika. Kafin in ajiye hoton dattijo ɗaya sai na goge katin wani.

Ran nan na ɗaga ta zan maka da bango. Inna ta riƙe hannuna.

Yaya Lawali ya zo ya kifa ta, ya kwance wani ɗan murfi a ƙasa, ya leƙa. Inna ta ce, "Lawali, ta lalace ko?"

"Lahiya lau take, Inna. Ƙanƙanta ta yi. Kin tuna teburin Baba a mahauta? Wanga abu da ake ce ma ram, shi ne tebur. Nata na mai yanka kaza ne, Nura kuwa sa ya kayar a kai. Shi kuma had-disk shi ne ɗakin sanyi inda ake aje nama. Nata ya cika har ƙohwa ba ta ruhuwa. Tebur za mu ƙara, mu sake ɗaki."

Inna ta ce, "To a ƙara mana."

Ashe faɗar ce mai sauƙi.

'Yan yanzu ba za ku gane ba. Ram ɗinta megabait goma sha shida ne, had-disk ɗin bai kai gigabait ɗaya ba. Bidiyon biki guda da ke cikin wayarku sai ya cinye ta duka. Kuma a lokacin kusan kowane kamfani da irin nasa ram ɗin, na wannan ba ya shiga waccan.

Ya fara yawo. Na farko da ya samo a Ikeja, tsagar jikinsa ba ta dace da gurbin ba. Ya mayar. Na biyu ya shiga daidai, muka kunna, allo baƙi ƙirin, ta yi tit-tit-tit ta yi shiru. Na ɗauka mun kashe ta. Ya cire shi, ta tashi. Ya share gumi ya ce, "Ni na yi kuskure, ban karanta lambar da kyau ba." Ya sake mayarwa.

Lokaci yana tafiya. Mahauta suna aiko tambaya. Masu bugawa sun ce in ba a kawo da wuri ba, aikin ƙarshen shekara zai yi musu yawa ba za su karɓa ba. Ni ina katifa ina juyi, duk takun da na ji a tsakar gida in ce shi ne.

Sai wani abokinsa ɗan ƙabilar Ibo ya gaya masa akwai laftof irin tawa sak a kasuwar Alaba, allonta ya fashe, ana sayar da kayan cikinta. Da ram ɗinta, da had-disk mai gigabait huɗu.

Da safe ya shigo ya kwance had-disk ɗina. Wani ɗan ƙarfe ne, girmansa kamar kaset. Ya ce a can akwai mai babbar kwamfuta da zai haɗa tsohon da sabon ya kwafe komai. Duk abin da na zana tun ranar farko yana ciki, har da rabin kalandar. Ya naɗe shi a safa ya cusa a aljihun ciki.

Inna ta ce, "Lawali, garin nan fa ba daɗi. Tun jiya ake ƙishin-ƙishin."

"Inna, tahiya da dawowa ce. Kahin la'asar ina nan."

Waɗanda suka zauna Legas a shekarun nan sun san abin da Inna take nufi. Ƙaramar magana tsakanin mutum biyu a tasha, kafin ka ankara ta zama ta Hausawa da Yarbawa, an rufe hanya, an fito da adduna. Mutanen da kuka tashi tare, kuke cin abinci kwano ɗaya, ranar kowa ya sunkuyar da kai.

Kafin azahar muka ji ana rufe shaguna. Ƙafafu suna gudu a lungu. Wani maƙwabci ya shigo yana haki ya ce an tare hanya wajen Mile 2, ana sauke mutane daga mota.

Ta Mile 2 ake zuwa Alaba.

Babu wayar hannu lokacin. Ba wanda za ka kira, ba wanda zai kira ka. La'asar ta yi, magariba ta yi. Gari ya waye.

Matarsa Zuwaira ta shigo ɗakinmu da jariri a goye, wannan Habun da ya kira ni yau. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna bakin ƙofa tana kallon hanyar shigowa. Duk wanda ya turo ƙofar gida sai mu ɗaga kai mu uku.

Laftof tana gefena a kife, cikinta a buɗe. Na kasa kallonta. Mutum mai mata da jariri ya ratsa Legas a irin wannan rana don hoton kalanda. Na ce ya Allah, aikin ya tafi, ram ɗin ya tafi, Ka dawo mana da shi ko da hannu wofi.

Na kasa kwanciya. Na jawo sandunana na fita, karo na farko da na wuce ƙofar gida tun da aka sallamo ni. Na kai bakin titi. Babu mota ko ɗaya, sai hayaƙin taya can nesa. Wasu dattawa suka mayar da ni. Na koma, na sake fitowa, aka sake mayar da ni, har fatar hammatata ta sale. Ina za ni? Ni ma ban sani ba.

Maza suka fara maganar da ba a yi a gaban Zuwaira: in hanya ta buɗe, wane asibiti za a fara dubawa.

Aka sake kwana.

Da hantsi muna zaune, sai ga wani ya shigo tsakar gida da hular Yarbawa a karkace da wata rigar buba da ta yi masa yawa. Zuwaira ta ja mayafi za ta kauce. Sai mutumin ya ce, "Mi ya hwaru kuke kallona haka?"

Zuwaira ta zube a wurin. Inna ta riƙa salati ba tsayawa. Ni na miƙe na manta da sanda, sai shi ne ya tare ni.

Ga abin da ya faru. Ya sami kayan, an kwafe masa komai, yana hanyar dawowa aka tare motarsu kafin Mile 2. Fasinja suka watse. Ya faɗa wani lungu, ya shiga rumfar wata Iya, Bayarabiya mai sayar da amala, bai taɓa ganinta ba. Ta dube shi sau ɗaya, ta fizge hularsa ta cusa bayan tukwane, ta jefa masa rigar mijinta, ta zaunar da shi gaban wanke-wanke. Ta ce masa da Turancin buroka, bakinka ne zai kashe ka, kada ka buɗe shi. Da matasa suka zo suna leƙe, ta ce ƙanin mijinta ne, bebe ne tun haihuwa. A gidanta ya kwana har hanya ta lafa, ɗanta ya rako shi Iyana Ipaja.

"Nura," ya ce, "kwana biyu ina bebe. Ni! Wallahi adduna ba su ba ni wahalar da shirun nan ya ba ni ba."

Muka yi dariya muna hawaye.

Sai da mutane suka watse na ga ya ɗauki kofi, rabin ruwan ya zube kafin ya kai baki. Abin da ya gani a hanya bai taɓa faɗa mini ba. Mai surutu irinsa in ya yi shiru a kan abu, ba ka tambayarsa.

Ko wanka bai yi ba. Ya durƙusa gaban katifata ya zaro safa biyu daga cikin riga.

Na ce, "Yaya, ka bari mana sai ka huta."

Ya ce, "In na kwanta ban ga ta tashi ba, barci ba shi zuwa."

Ram ɗin ɗan siririn abu ne kore, bai fi tsawon yatsa ba. Ya taɓa ƙarfen taga tukuna, ya ce wutar jikin mutum tana iya ƙona shi. Ya riƙe shi ta gefe, ya saka a karkace, ya danna, ya ce ƙas. Saura had-disk. Ƙananan allurai ne jere a bakinsa, in ɗaya ta lanƙwashe shi ke nan. Ya kai, ya fasa. Ya sake kaiwa, ya fasa. Sai ya miƙo mini.

"Kai ka sa. Hannun mai fenti ya hi nawa yau."

Na sa. A hankali, ko numfashi ba na yi, har ya zauna daram.

Muka kunna. Irin waɗannan na da, in sun tashi sai sun ƙirga ram ɗinsu a kan allo, lambobi suna gudu. Na saba da inda take tsayawa. Ranar, da ta zo wurin sai ta wuce, ta ci gaba, ta ci gaba.

Inna da ba ta san abin da ake kallo ba ta ce, "Ta yi?"

Ya ce, "Tsaya, Inna, saura ɗaki."

Allo ya buɗe. Aikina yana nan, kati-kati, har wanda na fara yi mai karkataccen rubutu. Na buɗe hoton dattijo na farko, ya fito nan take. Na buɗe na biyu, na uku, na jera su gefe da gefe. Ko tari ba ta yi ba.

Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa, ya tafi ɗakinsa ya yi barci har washegari.

Kalanda ta fita a kan lokaci. Aka rataye ta a rumfunan Oko-Oba. Masu shanu suka gani suka ce su ma, masu fata suka biyo, sai makarantun Islamiyya. Maganar ƙauye ta mutu da kanta, ba wanda ya sake tayar da ita. Daga baya na sami ƙafar roba, na kama ɗan shago, aka ci gaba har inda kuka sani.

Ita kuwa Iyar nan, duk Babbar Salla sai ya kai mata nama har can. Ya taɓa tafiya da ni. Tana hango shi ta fara kiran "Odi! Odi!", wato bebe da Yarbanci, shi kuma ya zauna ya cika mata kunne, tana toshewa tana dariya. Da ta rasu ya rufe teburinsa ya je.

Ba zan ce muku waliyyi ba ne. In ya ce ƙarfe tara, ka jira shi bayan azahar. In ka ajiye abu mai waya kusa da shi sai ya buɗe, ko lafiyarsa ƙalau. Injin bugawa na farko da na saya, shi ya buɗe mini shi don ya ga cikinsa, bai sake aiki daidai ba. Mun yi faɗa, muka yi sati ba ma magana, wato ni ba na magana.

Amma ranar aurena shi ya zauna a wurin da Baba zai zauna.

Ranar da Inna ta rasu, da aka ɗauki makara na ga ba zan iya da ƙafata ba, sai na ji an ture ni a hankali. Ya sa kafaɗarsa a wurin tawa. Bai bari an karɓe shi ba har maƙabarta.

Kuma duk sanda na fara ba mutane labarin nan a gabansa, sai ya katse ni ya koma kan zamansa bebe, ya ƙara gishiri, har a manta da abin da ya kai shi Alaba.

Ganinmu na ƙarshe watan jiya ne. Ya zo shago. Gemu ya yi fari fat, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya zaga yana taɓa injina, ina bin sa ina cewa Yaya don Allah kada ka buɗe.

Sai ya ce aiki ya kawo. Ya gaji da Legas. Yara sun girma, ya sami ɗan wuri kusa da tasha a Maraɗi, bayan Babbar Salla zai koma gida ya buɗe shago, ya riƙa gyara yana koya wa matasa. Allon shago yake so, sama Hausa, ƙasa Faransanci.

Na rubuta Lawali. Ya ce a'a, can Laouali ake rubutawa. Na ce Yaya wannan ai ɓarnar haruffa ce. Ya ce, "Haruhwanka ne ko nawa?" Na kawo masa launuka masu kyau, kore, shuɗi, duk ya ƙi. Shi ruwan ɗorawa yake so da baƙin layi biyu, irin jikin danfo.

Na ce, "Yaya, wa zai gane wannan a Maraɗi?"

Ya ce, "Ni."

Da zai tafi na ce in an gama zan sa a kai masa gida. Ya juyo daga bakin ƙofa ya ce, "Kada ka aiko. Ni zan zo in ɗauka, in ga ko ka yi kuskure."

An gama tun makon jiya. Na duba shi harafi-harafi, babu kuskure. Na kira shi, ya ce yana nan tafe.

Allon yana jingine a bayana yanzu da nake rubutun nan, ko ledarsa ba a cire ba. Shi kuma a ƙasar Agege za mu sa shi anjima.

Ya Allah, ga bawanKa Lawali ya zo gare Ka. Ka yafe masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya ɗaga ni lokacin da na kasa tashi, Ka ɗaga darajarsa. Ka ba shi hutun da bai taɓa ba kansa ba. Ka ba Zuwaira da Habu da ƙannensa haƙuri, Ka zama gatansu. Ka saka wa baiwar Allahn nan da ta ɓoye shi ba ta san shi ba.

Ku da kuka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ina roƙonku kada ku wuce ba ku yi masa addu'a ba. Ku ambaci sunansa a sujadarku ta yau. Wanda ya taɓa ɓata wa rai, don Allah ya yafe masa.

Azahar ta gabato. Bari in rufe shago in kama hanya.